Daga biliyan 30 zuwa biliyan 3: shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata da iyakar abin da takarda take tsarewa

Wanda ya san Kano ba sai an gaya masa abin da ya sa ido ya daɗe a kan Filin Idi na Ƙofar Mata ba. Fili ne fetal a tsakiyar hada-hadar birni. Titin IBB ya bi ta gefensa, Kantin Kwari na nan kusa, kasuwar Ƙofar Wambai ma haka, ga Asibitin Murtala, ga filin wasa na Sani Abacha. A wannan yanki, ɗan shagon da bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba ya fi fuloti guda a bayan gari daraja. Shi kuwa filin sau biyu yake cika a shekara, ranar ƙaramar Sallah da ranar babba, idan Sarki ya fito da jama'arsa. Sauran kwanakin ɗan kasuwa yana wucewa, yana kallonsa, yana lissafi a zuci.

A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, lissafin ya tashi daga zuci ya hau takarda. Aka yanka sassan filin aka ba mutane, shaguna suka tashi, har da benaye. Ba Filin Idi kaɗai abin ya shafa ba. Akwai tsohon otel ɗin Daula a titin Murtala Muhammad, akwai sansanin alhazai, akwai wani ɓangare na Filin Sukuwa a Nasarawa, da jikin katangun wasu makarantu, da gefen badala ta wajen titin BUK. Gwamnatin wancan lokaci ta ce haɗin gwiwa take yi da masu zuba jari domin a raya wuraren da suka lalace ko suke zaune ba amfani, jiha kuma ta samu kuɗin shiga. 'Yan adawa suka ce rabon kayan jama'a ake yi tsakanin 'yan gaban goshi. Mai sayen shago bai tsaya auna waɗannan maganganu ba. Abin da ya duba shi ne takarda, kuma ya ga takardar daga ofishin gwamnati ta fito, da hatimi da sa hannu.

Gargaɗin bai zo a ɓoye ba. A ƙarshen Maris na 2023, kwanaki kaɗan bayan an ce Abba Kabir Yusuf na jam'iyyar NNPP ne ya ci zaɓen da aka yi ranar 18 ga watan, ofishinsa ya fitar da sanarwa yana shawartar duk mai gini a filayen makarantu, asibitoci, wuraren ibada, maƙabartu, filayen wasa da jikin ganuwa da ya dakata. Ɓangaren Ganduje ya mayar da martani cewa gwamna ɗaya ne a jiha, kuma wa'adinsa bai cika ba sai 29 ga Mayu. Ta fuskar doka gaskiyarsu ne, domin zaɓaɓɓen gwamna ba shi da ikon hana kowa ɗora bulo kafin a rantsar da shi. Amma ka sa kanka a matsayin mutumin da gininsa ya kai linta a wannan makon, ya riga ya biya ɗan kwangila, ya karɓi kuɗin hayar shekara daga hannun masu jiran shago. In ya tsaya ya yi asara, in ya ci gaba ya ƙara zuba kuɗi a ramin da bai san zurfinsa ba.

An rantsar da Abba ranar Litinin 29 ga Mayu, kuma a jawabinsa na ranar ya umarci jami'an tsaro su karɓe wuraren gwamnati da aka sayar. Kafin garin Asabar 3 ga Yuni ya waye, katafila ta hau wani bene mai hawa uku mai shaguna 90 a Filin Sukuwa, gwamnan da kansa yana tsaye a wurin. Daga nan sai Daula, sai sansanin alhazai, sai Filin Idi. Kafin tsakiyar wata har shataletalen ƙofar gidan gwamnati, wanda aka gina a 2017 don bikin cikar jihar shekara 50, ya bi sahu. Duk inda katafila ta ɗaga, matasa suna biye da ita da guduma da baro, suna kwasar rodi, ƙofofi, tagogi da kwanon rufi, wani wurin har da kayan da ke cikin shaguna. Kalmar da ta cika gari a lokacin ita ce ganima. Na daɗe ina tunanin yadda aka yi kalmar da aka sani a fagen yaƙi ta dawo kan shagon mai sayar da atamfa.

Shari'ar

Masu shagunan Filin Idi suna da ƙungiya mai rajista, kuma wannan ya yi musu rana. Suka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, ba ta hanyar rigimar fili da aka saba ba, wadda kan ɗauki shekaru ana kiran shaidu, sai ta hanyar neman kare haƙƙin ɗan Adam. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar mallakar kadara a ko'ina cikin ƙasar, sashe na 44 kuma ya hana a karɓe kadarar mutum da ƙarfi sai ta hanyar da doka ta tsara, tare da biyan diyya ba da jinkiri ba. A kan wannan suka tsaya, suka nemi naira biliyan 250.

Ranar 29 ga Satumba, 2023, Mai shari'a Simon Amobeda ya yanke hukunci cewa rusau ɗin ya saɓa wa doka, ya umarci gwamnatin Kano ta biya naira biliyan 30. Hukuncin ya zo ne kwana tara bayan kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba, wato a lokacin da kujerar gwamnan kanta take rawa, kuma ba ta daina rawa ba sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ranar 12 ga Janairu, 2024.

Hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Da biya ya ƙi zuwa, sai 'yan kasuwar suka nufi Babbar Kotun Tarayya a Abuja, gaban Mai shari'a Inyang Ekwo, suka samu umarnin a riƙe asusun gwamnatin jihar a bankuna da dama. Wannan ne ya kawo kowa kan tabarma. A watan Disamba aka sanar da kotu cewa an yi sulhu, gwamnati za ta biya naira biliyan 3. Kashi ɗaya cikin goma na abin da alƙali ya yanke ke nan, kuma bai kai kashi biyu cikin ɗari na abin da suka nema tun farko ba.

Kada a yi gaggawar cewa sun yi wauta da suka karɓa. Da gwamnati ta dage a kan ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli za su iya cinye shekaru, ɗan kasuwa kuwa jarinsa ba ya jira. Da babu gara ba daɗi. Kamfanin Lamash Properties, wanda yake aikin Daula bisa yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnatin da ta gabata, shi ma kotu ya nufa yana neman naira biliyan 10. Kamfani mai lauyoyi zai iya jure zaman kotu. Mai shago ɗaya da ya sayar da gonar gado ya saya ba zai iya ba.

Takarda uku ce, ba ɗaya ba

A bakin yawancinmu, idan aka ce fili yana da takarda, magana ta ƙare. A nan kuskuren yake farawa, domin tambayoyi uku ne daban-daban, kowace da ofishin da yake amsa ta. Ta farko, wa doka ta sani da wannan fili? Ta biyu, me aka ware filin domin a yi a kansa? Ta uku, an yarda ka yi wannan ginin da ka zana, da wannan tsawo da wannan faɗi, a wannan wuri?

Ta farkon ita ce ta takardar mallaka, kuma ko ita sunanta ya fi ƙarfinta. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Abin da mutum yake samu izinin zama ne na wasu shekaru, galibi 99 idan gidan zama ne. Mu a Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin Turawa sun shimfiɗa irin wannan tsari tun 1910, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta shi a dokar 1962, ita kuma dokar 1978 daga nan ta ɗauko yawancin tubalinta. Kotun Ƙoli ta faɗa tun a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa satifiket ɗin mallaka hujja ce ta farko kawai, ana iya rushe ta idan aka nuna tushenta ba shi da kyau. Wanda ya riƙe satifiket yana jin kamar ya riƙe ƙasa ne, alhali alkawari ya riƙe, mai sharuɗɗa a bayansa: ya biya harajin ƙasa duk shekara, ya gina cikin wa'adin da aka ba shi, kada ya yi abin da ba shi aka rubuta ba, kada ya ɗora bulo sai da izinin hukumar tsara birni. Mutum nawa ne suke juya takardar su karanta bayanta?

Ta ukun ita ce ta izinin gini, kuma a Kano hukumar tsara birni ta jiha, wato KNUPDA, ce take bayarwa, wadda manyanmu suka sani da KASEPPA. Abin da aka saba nema shi ne shaidar mallakar filin, taswirar wurin daga safiyo, zanen gini daga mai zane mai rajista, da lissafin injiniya idan bene ne, sannan a duba tazarar da aka bari tsakanin gini da titi, da magudanar ruwa, da manyan wayoyin lantarki. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan wata hanyar tatsar kuɗi ce kawai. Watan Agustan 2022 kaɗai ya isa ya nuna amfaninta. A cikinsa ruwan sama ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin kaya, 'yan kasuwa da kansu suka ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe hanyar ruwa. A ƙarshensa kuma wani bene da ake kan ginawa a titin Beirut, cikin kasuwar waya, ya rufto kan mutane har aka rasa rai.

Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006, akwai kuma dokar tsara birane ta 1992, amma tun a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara gari da ba da izinin gini aikin jiha ne. Saboda haka wanda ya saba gini a Abuja ko Kaduna kada ya ɗauka abin da ya sani can shi ne a Kano. Kowace jiha da dokarta, da hukumarta, da kuɗinta.

Tambaya ta biyu na bari a ƙarshe da gangan, domin ita ce ta ci Filin Idi, kuma ita ce wadda ba a cika yi ba. Kowane yanki da gwamnati ta yanka yana da taswira mai lamba, wadda ta nuna nan gidaje ne, nan kasuwa, nan makaranta, nan maƙabarta, nan kuma fili ne da za a bari a buɗe. Kano ta san irin wannan tsari tun da daɗewa, domin shirin raya birnin na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, ya ware wurare irin haka tun garin bai kai rabin rabin yadda yake yau ba, yanzu da ya mamaye ƙananan hukumomi takwas. Gwamna yana da ikon sauya abin da aka ware fili dominsa, kuma akwai hanyar da ake bi a nemi hakan. Sai dai alƙalamin da ya mai da filin makaranta shaguna irinsa ne a hannun wanda zai gaje shi. Takardar sauyin tana cikin fayil, amma tsohuwar taswirar tana nan, kuma mutanen unguwa ba su manta ba.

A kan Filin Idi kuwa abin ya wuce taswira. A idon Bakano wannan wuri hubusi ne, abin da aka keɓe domin Allah, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a sayar da hubusi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Ko kotun zamani ta kalli filin a haka ko ba ta kalla ba, ɗan siyasar da ya tsaya a kan mumbarin kamfe ya ce zai dawo da Filin Idi ya san tafin da zai samu. Mai zuba jari da ya auna yawan masu wucewa ta titin IBB bai auna wannan ba, ya bar babban lissafi a waje.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda lamarin ya juya abin da aka koya mana. Mun taso muna jin cewa awon igiya shi ne haɗari, wato filin da mai gona ya yanka da kansa, dillali ya sayar, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, ba titi na kirki ba wurin kwata. Awon gwamnati shi ne kwanciyar hankali. Wannan magana har yanzu tana da gaskiya a mafi yawan lokuta. Amma a watan Yunin 2023 ba unguwannin awon igiya katafila ta fara nufa ba. Wuraren da ta hau, masu su takardun gwamnati suke nunawa. Ashe awon gwamnati ma iri biyu ne. Akwai fulotin da yake cikin taswirar yankin tun ranar da aka zana ta, akwai kuma wanda aka tsaga daga baya daga jikin wani abu, katangar makaranta, ko gefen maƙabarta, ko bakin kududdufin da aka cike. Na biyun yakan fi kyawun wuri, domin wuraren jama'a ne suke zaune a bakin manyan tituna. Kyawun wurin ne yake rufe ido.

Wa ya ɗauki asarar

Wanda aka ba fili daga sama ba lallai ne shi zai gina ba. Sau da yawa takardar takan sauya hannu tun tawadarta ba ta bushe ba, daga wanda aka ba zuwa dillali, daga dillali zuwa mai kuɗin gini, daga mai gini zuwa masu sayen shago ɗai-ɗai, kowane mataki farashi yana hawa. Na farkon, wanda ya fi kowa sanin yadda aka samu filin, ya ci ribarsa ya goge baki. Na ƙarshen, wanda ya biya farashin kasuwa cur, shi katafila take samu.

A nan ma doka tana da tarko. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a sayar da izinin zama ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba haka ba banza ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Amma a kasuwa me ake yi? A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a ba dillali la'adarsa, a miƙa wa mai saye takardar da har yanzu sunan mutumin farko ne a kanta. Ranar da za a kirga masu haƙƙi, sunan da ke cikin fayil ake kira. Ƙasa da wannan kuma akwai ɗan haya, wanda ya biya shekara ɗaya ko biyu gaba, ya sa kanta da silin da kuɗinsa, ya zuba kaya na bashi. Shi ba shi da ko takardar da zai nuna cewa filin ya shafe shi, sai rasiɗin mai shago.

Ko da a ce gwamnati ta bi hanya ta soke takarda yadda doka ta ce, diyyar da sashe na 29 ya tanada ba ta kai abin da mutane suke zato ba. Ba a biyan kuɗin ƙasa, domin a wurin doka ƙasar ba taka ba ce tun asali. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kanta, a kimanta kuɗin sake gina shi, a cire tsufan da ya yi. A wuri irin Ƙofar Mata kuwa, mafi yawan abin da mai saye ya biya kuɗin wuri ne, ba na bulo da siminti ba.

Wannan duk ba ya wanke gwamnatin da ta yi rusau. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin zama saboda maslahar jama'a, kuma dawo da filin sallah ko na makaranta maslaha ce da ba wanda zai yi musu a kanta. Amma dokar ta ce sokewar ta kasance a rubuce, da sa hannun jami'in da aka ba wannan iko, a kuma isar da sanarwa ga mai takardar, har sashe na 44 na wannan doka ta 1978 ya faɗi yadda za a isar. Kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi ba tare da sanarwa ba. Kwana biyar bayan rantsuwa, cikin dare, ba lokacin da zai isa a yi wannan ba ne. Kwamitin shari'a da zai binciki yadda aka yi da kadarorin gwamnati sai a Afrilun 2024 aka kafa shi, wata goma bayan katafila ta gama aikinta. An yanka sannan aka zo ana tambayar ko dabbar ta halatta. A ganina, da an fara da fayil, aka ga wanda ya nema, da wanda ya amince, da nawa aka biya, da asusun da kuɗin suka shiga, da an raba mai laifi da mai tsautsayi. Yadda aka yi kuwa, jami'in da ya sa hannu a rabon yana gidansa, wanda aka ba ya sayar tuni, biliyan ukun kuma daga baitulmalin jiha za ta fita, wato daga aljihun mutanen da aka ce dominsu aka yi rusau ɗin.

Duk da haka takardun ba su tashi a banza ba, kuma wannan ma abin lura ne ga masu cewa tunda mai takarda ma an rushe shi, me ya sa za su wahala. Da waɗannan 'yan kasuwa ba su da abin da za su ajiye a gaban alƙali, da ko sisi ba su gani ba. Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa ba izini, idan ya wayi gari ya ga jan fenti a katangarsa, ba shi da bakin magana a kotu. Takarda ba ta tsayar da katafila ba, amma ita ce ta buɗe ƙofar kotu, ita ce ta sa aka riƙe asusun gwamnati, ita ce ta kawo sulhu.

Kafin a biya kuɗi

Binciken da ya fi amfani a irin wannan ciniki ba ya cin ko kwabo. Ka je wurin da kanka, ba tare da dillali ba, ka zauna da dattawan da ke bakin masallacin unguwar bayan la'asar, ka tambaye su da can mene ne a nan. In suka ce ai nan filin ƙwallon makarantar can ne, ko nan ruwa yake taruwa da damina, ko nan badala ta bi, to ka samu amsar da babu ita a cikin takardar da aka nuna maka. Badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara ɗari tara da suka wuce, tana cikin kayan tarihin da dokar tarayya ta kare, don haka wanda ya sayi gefenta ya sayi rigima da hukuma fiye da ɗaya.

Bayan wannan sai lauya, ba ɗan'uwan dillali ba, naka na kanka, ya je ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar, ya nemi binciken fayil a hukumance. A ga sunan da ke ciki, a ga ko akwai jingina ko ƙara a kansa, a ga ko ana bin harajin ƙasa. A nemi taswirar yankin ta asali a duba ko fulotin yana cikinta ko daga baya aka tsaga shi, in kuma an sauya amfanin filin a ga takardar sauyin da ranar da aka sa mata hannu. Ranar tana da muhimmanci. Rabon da aka yi a watannin ƙarshe na gwamnati mai barin gado, a wurin da ake ta ce-ce-ku-ce a kansa a gidajen rediyo, ba ɗaya yake da fulotin da ya shekara talatin yana hannun mutane gwamnatoci suna wucewa ba. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta umarci masu satifiket su je a sabunta musu rajista, don haka mai saye yau ya kamata ya tambaya ko an yi wa wannan takarda hakan.

Izinin gini kuma a karɓe shi kafin a haƙa tushe, kuma a gina abin da aka amince da shi. An saba a kai zanen hawa biyu, in an ga kasuwa ta yi kyau a ƙara na uku a kan ginshiƙan da aka lissafa wa biyu, ko a ci tazarar gaban titi da 'yan shaguna. Duk wanda ya yi haka ya ba hukuma wuƙa da nama, domin ba ta ma bukatar taɓa takardar mallakarsa kafin ta rushe abin da ya ƙara. Mai sayen shago a cikin ginin wani shi ma ya nemi ganin izinin, ya ƙirga hawan da ke takarda ya ƙirga na gabansa.

Sai batun lokaci, wanda ba a rubuta shi a kowace yarjejeniya. Ranar 14 ga Yuni, 2023, a cikin makonnin da ake rusau ɗin, Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin wannan rana ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024, buhun siminti kuma ya wuce naira dubu 10 a wasu garuruwa a daidai wannan lokaci. Wanda ya samu kasonsa daga cikin biliyan ukun, in yana son ya sake tsayar da shago, da wannan farashin zai sayi rodi da siminti, a wani filin daban da ba a bakin titin IBB ba, kuma sai ya sake kai sabon zane KNUPDA ya jira a sa masa hannu.